Hatsin Marka



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin ajiyar abincin unguwa a goman ƙarshe na azumi ya san irin alherin da ke cikin mutanenmu. Mu da muke wannan aiki na sa kai har mukan rasa inda za mu jingine buhu. Wannan ya aiko da shinkafa, wancan da sukari, mahauta su turo nama tun da hantsi, wata Hajiya ta aiko da jarkar mai ta ce kada a ambaci sunanta. Ranar jajibirin Salla kuma zakkar fid-da-kai ta shigo, kowane kai mudun Annabi huɗu, mu kwana muna rabo don ta isa hannun masu ita kafin a sauko daga idi. Ba mu da abin cewa a kan wannan sai godiya. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani wata ne dabam, wanda ɗakin nan kan zama babu komai a ciki sai ɓera, alhali a cikinsa aka fi ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Agusta muke nufi, tsakiyar marka. A ƙasar nan ruwa kan sauka wajen Afrilu ko Mayu, ya ɗauke a Oktoba, kuma masara da dawa da gyaɗa ba sa shiga gida sosai sai daga Satumba. Tsakanin ƙarewar tsohon hatsi da shigowar sabo akwai wani rami, wanda ma'aikatan gwamnati ke kira soudure da Faransanci. Gari ya yi kore shar, Binuwai ta cika ta batse, baƙo ya ce ƙasar nan ta ƙoshi, amma a cikin gidaje da yawa tafasa ce, wadda maƙwabtanmu Fulani ke ce wa tasba, ake kwaɗantawa da ɗan ƙuli a rufe bakin yara.

Mu Hausawan Garwa ramin nan ya fi saurin haɗiye mu, domin akasarinmu ba manoma ba ne. Kakanninmu fatauci ya kawo su Adamawa, mu kuma muka gaji kasuwa da fawa da ɗinki da tuƙi da karatun allo. Ba mu da rumbu a bayan ɗaki, kwano-kwano muke awo. Ranar da hatsi ya tashi a kasuwar Pitowa ta Lahadi, kafin Talata mun ji shi a tukunya. Kuma marka ba ta ƙyale sana'a ba: ruwa ya kori mai tsire daga bakin titi, tela ya zauna babu ɗinkin Salla, hanyoyin ƙauye sun yanke, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara biyu a gida ɗaya. Ga komawar makaranta a farkon Satumba tana jiran maigida da kuɗin littafi da na riga.

To, a nan ne lissafin watanni ya shigo. Azumi yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, marka kuwa tana nan inda Allah ya ajiye ta. A 2011 azumi ya cika Agusta kusan daga farkonsa har ƙarshe, a 2012 ya kama a Yuli ya ƙare a Agusta. A waɗannan shekaru hannun mai bayarwa da bakin mai yunwa sun haɗu a wata guda ba tare da kowa ya shirya ba. A 2025 kuwa a Maris aka yi azumi, kuma ba zai koma Agusta ba sai wajen 2043. Yaron da ke goye yau zai isa aure kafin nan. Muddin kyautarmu ta tsaya a Ramadan kaɗai, to shekaru masu yawa ne za mu yi muna cika cikin mutane a watan da hatsi ke da araha, mu kulle ɗaki a watan da ya yi tsada.

Sai dai abin yana da wata fuska mai daɗi. Azumin waɗannan shekaru yana faɗowa ne daf da girbin masakwa, dawar rani da ake dasawa a ƙasar karal bayan ruwa ya janye, a yanke ta wajen Janairu da Fabrairu. Nan gaba kaɗan zai shiga Janairu da Disamba, bayan kaka ke nan, lokacin da buhu ya fi sauƙi a duk shekara. Kuɗin da aka ba mu a irin wannan lokaci yana sayen hatsi fiye da abin da zai saya a Agusta. Shi ya sa muka tsayar da shawara a rumbunmu cewa abin da ya shigo na sadaka za a raba shi biyu: kashi ɗaya a ci a azumi, ɗaya a sayi masara da dawa a rufe sai marka.

Faɗar wannan ya fi yinsa sauƙi. Wani dattijo daga cikin masu taimaka mana, da muka kai masa bayanin, sai ya yi shiru, sannan ya ce: "Yarana, ni ladan Ramadan nake nema. Idan kuka ajiye hatsina sai Agusta, ladan wane wata za a rubuta mini?" Ba mu yi masa dariya ba, domin tambayar gaskiya ce, kuma da yawa suna da ita a zuci ba su furta ba. Muka ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfinmu, mu je wurin Malam." Malamin unguwa ya ce masa abin ya bar hannunsa tun ranar da ya miƙa shi da niyya, kuma Wanda yake rubuta lada ba ya ɓata lissafi. Ya tuna masa da Annabi Yusuf, Alaihis Salam, wanda ya sa aka ajiye hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari. Ya kuma ja mana kunne cewa zakkar fid-da-kai ba ta cikin wannan, ita tana da lokacinta, ba a tsare ta. Dattijon ya amince da rabi. Rabin ma mun gode.

Akwai maganar da ba a son yi a bainar jama'a, amma tunda shafin namu ne, bari mu yi ta. Dabarar saye da kaka a ajiye sai marka ba mu muka ƙirƙiro ta ba, sana'ar wasu daga cikinmu ce. Manomin Ngong ko na Lagdo yakan sayar da masararsa da arha da zarar ya girbe, saboda bashin taki da kuɗin makaranta, ya dawo a Agusta ya sayi irin masarar nan da tsada. Wanda ya saya ya cika sito, wani lokaci ya haura da ita Yola ko Mubi idan can ta fi kuɗi, sau da yawa Hausa yake ji, kuma sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Ciniki halal ne, ba mu ce kowa ya daina ba. Amma idan mutum yana da sito mai ɗaukar ɗaruruwan buhuna yana jiran marka, buhun shinkafa biyu da ya raba a azumi ba su kai abin da za a yi masa kirari ba. Abin da muke roƙon irin waɗannan 'yan uwa kaɗan ne: kusurwa guda a sitonsu, da idonsu na sanin hatsi mai kyau, domin sun fi mu sanin wanda ya bushe da wanda aka jiƙa don ya yi nauyi.

Gwamnati ma ta san wannan rami. Bayan farin 1973 da 1974, a zamanin Ahmadu Ahidjo, an kafa Office Céréalier a 1975, hedkwatarsa a nan Garwa, don ya sayi hatsi da kaka ya fito da shi da rangwame idan ya yi tsada. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muka fi sani da PAM, ta taimaka an gina rumbunan gayya a ƙauyukan Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma tun 2013 take ciyar da 'yan gudun hijira a sansanin Minawawo kusa da Mokolo. Duk waɗannan suna da amfaninsu. Amma rangwame sai mai ɗan abin saye, sansani kuma sai wanda aka rubuta sunansa. Bazawarar da ke lungun Yelwa da marayu huɗu ba ta cikin ko ɗaya.

Ajiyar hatsi wata shida aiki ne. Buhu ba ya taɓa ƙasa, sai an yi masa dakali da katako, ba ya jingina da bango saboda laima. Wake da masara muna zuba su a buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, saƙaƙƙe a waje, a ɗaure kowanne dabam. Iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba maganin da zai cuci mai ci ba. Mutane da yawa ba su san cewa a ƙasarmu aka fara gwada wannan dabara ba: masanan jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na cibiyar binciken noma ta Marwa ne suka yi aikin tun ƙarshen shekarun 1980, don ceton wake. Littafi biyu muke riƙewa. Ɗaya na zakka, wadda shari'a ta faɗi masu cinta. Ɗaya na sadaka, ita kuwa ba ma tambayar addinin ciki. Maƙwabcinmu Batufure ko Bagizige da ya kwana bai ci ba yana da kwanonsa a ciki, balle ma wataƙila ɗan uwansa ne ya noma masarar.

Mafi wuya shi ne gano mai yunwa. Wanda ya fi bukata ba ya zuwa layi. Magidancin da ya saba fita da babbar riga ya fi son ya kwana da ruwan zafi a kan a gan shi da ƙwarya a ƙofar rumbu. Don haka ba ma kiran taro. Mai injin niƙa muke tambaya, shi ya san gidan da ya kwana biyar bai aiko da niƙa ba. Mai shago ya san wanda ya daina bi ta gabansa saboda bashi. Dillaliya ta san matar da ta fito da kwallar aurenta ta ce a sayar a ɓoye. Iyayenmu mata da ke cikin aikin nan su ne idonmu, domin su ke shiga gida su ga murhu a sanyaye. Bayan isha'i yaro ya ɗora rabin buhu a babur, ya yi sallama ya ce, "Inna, an ce a kawo saƙo," ya juya kafin a tambaye shi wa ya aiko.

'Yan uwa da ke Yawunde da Duwala masu turo mana kuɗi ta waya sukan nemi hoto, kuma suna da haƙƙin su san inda dukiyarsu ta tafi. Muna aika musu hoton buhuna da na shafin littafi, da sa hannun mutum uku. Fuskar wanda ya karɓa kuwa ba ma ɗauka, ko an roƙe mu. Unguwannin nan ƙanana ne, hoto ɗaya a Facebook ya isa a yi wa yarinya gori a makaranta har ta gama.

Akwai shekarar da lissafin kan rushe gaba ɗaya. A 2012 Binuwai ta yi ambaliya, ruwa ya shiga unguwannin bakin kogi, a 2024 kuma Yagwa da Kusiri suka sha tasu. A irin wannan shekara mutane kan sauka a gidajen dangi da tabarma kawai, gidan mutum shida ya koma na goma sha biyar, hatsin da aka auna don wata biyu ya ƙare a sati uku. Shi ya sa ɗakin da muke nema yanzu sai mai tudu, nesa da kogi, mai rufin da ba ya yoyo. Wanda yake da irinsa a Rumde Ajiya ko Jambutu ya yi wa limamin unguwarsa magana, saƙon zai iso mu kafin a fara yankan masakwa.