Akwatin da ya fi jita tsada

Sefa 45,000 wani mai shago a Ajame ya yanka mini, jika 45 ke nan a ƙirgen ’yan’uwanmu mutanen Maraɗi. Kuma ba jita nake tayawa ba, akwatinta ne kawai, fanko, baƙi, mai maɓallai uku da soso a ciki. Na ɗauka hayaniyar ’yan kamasho da ƙarar motocin haya na gbaka ce ta hana ni ji da kyau, na sake tambaya. Ya maimaita, har da cewa ragi ya yi mini. Jitar da nake ɗauke da ita a kullum kuwa, Yamaha F310 ce ta hannu, sefa 35,000 na saye ta shekara huɗu da suka wuce. Na fito raina a ɓace, na hau bas muka ratsa Filato, muka tsallake gada zuwa Tireshbil, har na isa ɗakina a Biyafara ban daina juya kuɗin nan a zuciya ba. Biyafarar da nake nufi unguwa ce a bakin ruwa a nan Abijan, inda za ka wuni kana jin Hausa da Zabarmanci kamar kana tashar Jibiya.

Tafiya ce ta taso mini. A watan Disamba za a aurar da ƙanwata a Katsina, kuma ta mota zan bi: Aboisso, iyakar Noé da Elubo, Takoradi, Akara, Aflawo, Lome, Kwatano, Seme, sannan Legas. Iyaka huɗu ke nan a cikin kilomita wajen dubu, daga Legas kuma a sake ɗaukar fiye da wani dubun zuwa gida. Jita biyu gare ni. Ban da tsohuwar akwai FG800, wadda na shekara ina tara kuɗinta, mai murya kamar ana zuba ruwa a randa. Ita zuciyata ta zaɓa tun farko. So nake Inna da ƙannena su ji abin da nake yi da dare a ƙasar mutane, su ji shi da mafi daɗin abin da na mallaka. Don ita na je neman akwati.

Abin da ya ƙara mini haushi shi ne tuna gida. Wane ne ya taɓa ganin mai gurmi ko mai garaya yana neman akwati? Ya rataya abarsa a kafaɗa, ya rufe da gefen riga, ya shiga mota. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashe, abin da ba ya cika hannu biyu. Akwai wani dattijo mutumin Tasawa a layinmu, mai sayar da balangu, yana da gurmi rataye a ƙusa a bayan teburinsa. Na kai masa kukana da daddare. Ya ce, “Ɗana, ni da na zo garin nan a bayan babbar mota, tsakanin buhunan albasa na zaunar da gurmin nan. In fata ta saki, in shanya ta a rana. In ƙwarya ta fashe, in nemi wata.” Na ce, “Baba, ai abin da ke damuna ke nan.” Na ji alfahari ya cika ni a daren nan. Kayan kiɗanmu an yi su ne daidai da mutumin da ba ya zama wuri ɗaya, kuma duk kasuwar da ka sauka akwai mai ƙwarya da mai fata.

Washegari na kai jitocin biyu wurin wani mai gyara a nan Tireshbil, ɗan ƙasa, wanda hannunsa duk gam ne da ƙurar katako. Ya tambaye ni ina zan je, kuma a wane wata. Da na ce arewacin Nijeriya, cikin hunturu, sai ya ture sabuwar gefe guda, ya ɗora hannu a kan tsohuwar. Bayanin da ya yi mini ban taɓa jin irinsa ba. Fuskar FG800 katako ne tsantsa, siriri, wanda bai kai kaurin kwalin takalmi biyu ba, kuma daga nan daɗin muryarta yake fitowa. Fuskar F310 kuwa falle-falle ce aka manne, wani a gicciye kan wani, shi ya sa muryarta ba ta kai ba, shi ya sa kuma ba ta tsagewa da wuri. Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Abijan takan wuce kashi 80 yawancin shekara. A Katsina da hunturu takan faɗo ƙasa da 20. Jitar da ta ƙoshi da danshin bakin teku, a wayi gari cikin kwana huɗu tana shaƙar iskar da ke fasa leɓe da diddige, abin da zai same ta ke nan: ta tsage daga jaki zuwa gindi, ƙarafan wuyanta su fito suna yankan yatsa.

A nan hassada ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Mutumin nan ya san halin katako kamar yadda makiyayi ya san halin saniya, kuma ba shi kaɗai ba ne a garin. Jita ta daɗe a wannan gaɓa. Ma’aikatan jirgin ruwa ’yan ƙabilar Kuru na Laberiya ne suka yaɗa salon kaɗa ta da yatsa biyu daga tasha zuwa tasha, kuma a ƙasar nan Ernesto Djédjé ya gina kiɗansa na ziglibiti a kanta kafin rasuwarsa a 1983. Makaɗan nan da yawa jita biyu suke ajiyewa da gangan, ta gida da ta hanya, ba sa ganin hakan almubazzaranci. Mu a gida damina muke tsoro, don ita ke sa fata ta saki. Ban taɓa kawo wa raina cewa rani ma yana kashe kayan kiɗa ba.

To, ga abin da na koya, ga duk wanda zai yi irin tafiyata. Ka ɗauki mai fuskar falle-falle, ka bar mai tsada. Idan kana da ’yar ƙarama, irin wadda ake koya wa yara da ita, ta fi, don tana shiga ma’ajiyar kaya ta saman kujera. Kafin ka tashi ka sassauta tsirkiya, murɗa biyu ko uku a kowane kunne, kada ka kwance su gaba ɗaya. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70, na roba kuwa wajen rabin haka, kuma kowane rami da mota ta faɗa da wannan nauyin yake girgiza katakon. Ka naɗe kan jitar da tsohuwar riga, domin daga nan ta fi karyewa idan ta faɗi ta baya. Abu mafi muhimmanci, kada ka yarda yaron mota ya jefa ta cikin but ko ya ɗaure ta a sama ƙarƙashin tamfol. Zafin inji da na rana yana narkar da gam, jaki ya ɗago, ga buhunan da za a jibga mata. Ka roƙe shi da girma da arziki, ka ba shi na goro in ya kama, ka tsayar da ita tsakanin ƙafafunka. Da wahala, musamman daga Legas zuwa gida, amma ƙafa tana warkewa.

Daga Ilori in ka fara jin hanci yana bushewa, ka jiƙa ɗan soso, ka matse shi sarai, ka sa a leda mai huji-huji ko gidan sabulu, ka tura cikin jakar kusa da bakin jitar, kada ruwa ya taɓa katako. Kowane kwana biyu ka duba. In ka isa gida kada ka jingine ta a bangon da rana ke duka, kuma in ba kaɗawa kake ba, ta koma jaka a zuge. Tsirkiya ka sayi kunshi biyu a nan, domin iskar teku ta riga ta sa wa na jikinta tsatsa, kuma ban san inda zan samu wasu a unguwarmu ba. Rasit ma ka riƙe shi in kana da shi. A kan iyaka tsohuwar jita mai tabo da ƙujewa ba ta jan ido, sabuwa fil a cikin akwati mai ƙyalli kuwa sai a fara tambayar ko ta sayarwa ce.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta gaba ɗaya ba. Nakan tuna Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, da samarin Agadas da ke kaɗa tasu cikin ƙura da rana ba soso ba akwati, kuma duniya tana sauraronsu. Sai in ce anya ba tsoro aka sayar mini ba? Sai kuma in ɗaga FG800 in kalli siririn katakon nan ta gefen bakinta, in tuna shekarar da na yi ina cin garba, dambun rogo da kifi, da rana don in tara kuɗinta, in tabbata mai gyaran ya fi ni gaskiya.

Na koma Ajame bayan mako guda. Akwatin yana nan a rataye, kuɗinsa bai sauka ba. Na tsaya na shafa shi, domin abu ne mai kyau, kuma yanzu na san aikin da yake yi, amma jika 45 ta isa turmin atamfa ga amarya har da canji. Na sayi jaka mai soso da maratayi biyu a jika 9, da tsirkiya kunshi biyu. Sabuwar jitar na sassauta ta, na naɗe da zane, na kai wa Baba mai balangu ya ajiye mini a ɗakinsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Ka gaida Inna, ka ce mata ta gari tana nan tana jiran ka.” Tsohuwar ce Inna za ta ji, da ’yar shaƙewar da ke muryarta, kuma tun yanzu nake gwada waƙoƙin a kanta kowane dare don in san inda za ta iya kaiwa.