Ƙugiya ɗaya, haruffa 90



A 1981 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da wata 'yar kwamfutar gida mai suna ZX81. Ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya gurbin harafi 1,024 ce, ko wannan rubutun ba zai shige ta ba. Wanda ya saye ta zaɓi biyu gare shi. Ko ya ba ta umarni da BASIC, harshen da ta zo da shi, mai sauƙin koyo amma mai nawa, don sai ta fassara kowane layi kafin ta aikata. Ko kuma ya sauka zuwa harshen injinta na Z80, lamba bayan lamba, mai gudu da tsimin wuri, sai dai kuskure ɗaya kan daskarar da komai. David Horne ya bi ta biyun, ya cusa darar Turawa cikin gurbi 672 kacal. Sai da ya yar da wasu dokokin wasan kafin ya shiga.

Mu da muka fara rubutu a Batsari da Safana mun san irin wannan cinikin, ko da ba mu taɓa ganin ZX81 ba. Ƙaramar waya mai maɓallai ce kwamfutarmu. Saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka. Ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya tak (in ma wayar tana da su), ya koma 70. Ƙugiya ɗaya ta cinye haruffa 90, ga kuɗin kati. Sai aka yar da ita: baƙi da baki suka zama ɗaya, wasu suka ɗauko q ta tsaya wa ƙ. Ba mu ga laifin kowa ba. A Satumbar 2021 ma, da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina har da namu biyun, wanda ya yi doguwar tafiya ya samu sabis ba zai tsaya neman ƙugiya ba.

Abin da ke damunmu, yau da yawanmu babbar waya ce a hannu, WhatsApp ba ya rage wa kowa wuri saboda ƙugiya, amma q tana nan daram cikin labaran da ake turowa wannan zauren. Horne gurbi ne ya ƙare masa. Mai labarin da ya rubuta "ya bata mata" ya bar mu muna lalube, shi wuri bai ƙare masa ba. A shiga saitin Gboard a ƙara Hausa, ƙugiyoyin duk suna ciki.