Gajeriyar Bindiga Da Kunnen Maƙwabci: Abin Da Na Gani A Texas

A jihar Texas ta Amurka, zuwa filin harbi ranar Asabar ba wani abin a zo a gani ba ne. Magidanci zai ɗauko jakar bindigarsa, ya biya kuɗin layi, ya yi awa ɗaya yana huda takarda, ya koma gida. Mai masaukina a birnin Houston yana cikin masu wannan sha'awa, shi ya ja ni wani fili na cikin gini a bayan gari. Ni dai ɗan kallo ne, domin dokar tarayya ta hana baƙon da ya shigo da bizar ziyara riƙe bindiga, sai in yana da lasisin farauta ko wani izini na musamman. Tun a bakin ƙofa mai masaukin ya miƙo mini soso na cusawa a kunne, ya ɗora mini marufi a kai, ya ce, "Malam, haɗa duka biyun, ɗaya ba zai ishe ka ba."

Ba a jima ba na ga gaskiyarsa. Wani matashi a layin da ke kusa da mu ya fito da bindiga samfurin AR-15 mai ɗana kanta, irin wadda kowane jan kunama ke fitar da harsashi ɗaya, amma bututunta bai wuce inci 10 da 'yan kai ba. Da ya harba, sai ga curin wuta ya tashi a bakinta, ya haske bangon siminti. Ƙarar ba a kunne kaɗai na ji ta ba, har a ƙirji da haƙora. Kwanson harsasan da ke kan teburinmu ya motsa. Wani dattijo da ke koya wa jikarsa harbi a ɗaya gefen ya dafa kafaɗarta, suka ja da baya suna jiran ya ƙare.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Harsashin 5.56 da irin wannan bindiga ke ci an tsara shi ne don dogon bututu. M16 da sojan Amurka suka shiga yaƙin Biyetnam da ita, wadda ta samo asali daga zanen Eugene Stoner, bututunta inci 20 ne, kuma a wannan tsawon albarushi yana samun sararin cinyewa kafin harsashi ya fita. M4 da ta biyo baya inci 14.5 ce, Mk 18 ta dakaru na musamman kuwa 10.3. Duk incin da aka rage, harsashi yana rasa gudu, iskar da ke tura shi kuma tana fitowa da sauran zafinta da matsinta, ta haɗu da iskar waje ta kama da wuta. Mai gajeriyar bindiga ya sami sauƙin juyawa a lungu ko a cikin mota, amma ya biya da wuta da ƙara.

A nan muhawarar ma'abota harbi take: shin dole ne a ɗaura wa irin wannan bindiga wani ƙarfe a baki? A kantin da ke gaban filin na tarar da su jere cikin gilashi. Akwai mai tsage-tsage da ke tarwatsa wutar don kada ta kashe wa maharbi ido da dare. Akwai wanda suke kira birki, mai ramuka a gefe, yana rage naushin bindiga a kafaɗa. Akwai mai siffar kofi da ke tattara ƙarar ya tura ta gaba. Sai salansa mai rage ƙara, wadda ta fi su tsada da tsawo. A Najeriya ma, wasu cikin AK da muke gani a hannun jami'an tsaro a shingen hanya suna da ɗan ƙarfe mai yankan karkace a baki. Na samfurin AKM ne, aikinsa hana hancin bindiga ɗagawa sama.

Mai kantin, wani tsohon soja, ya bayyana mini cewa yawancin gajerun AR da aka ƙera da kyau za su yi aiki ko da bakinsu tsirara ne. Amma akwai waɗanda ba su da zaɓi. AKS-74U da Tarayyar Sobiyet ta shigar cikin aiki a 1979, bututunta kusan inci 8 ne kawai, don haka aka yi mata wani ɗan kurtu a baki da ke tare iska, ya ba ta ƙarfin ɗana harsashi na gaba. Amurkawa ma da suka gajarta M16 suka fitar da XM177 a Biyetnam, sai da suka ƙara mata ƙarfe mai tsawon inci 4 da ɗoriya saboda wuta da ƙara sun yi yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda doka ta shiga tsakani. Bayan ta'asar 'yan daba a zamanin su Al Capone, musamman kisan gillar Shikago na 1929, majalisa ta kafa dokar makamai ta 1934, ta sa harajin dala 200 da rajista a kan bindiga mai aman wuta, da gajeriyar bindiga, da salansa. Dala 200 ta lokacin ta haura dala 4,000 ta yau. A yanzu iyakar irin waɗannan bindigogi inci 16 ce: duk bindigar kafaɗa da bututunta ya gaza haka, sai an yi mata rajista a hukumar ATF, da hoto da zanen yatsu, in ba haka ba mutum na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10. Wata doka ta 2025 ta soke harajin gajeriyar bindiga da salansa daga farkon 2026, amma rajistar tana nan.

Mai kantin ya ɗauko wata siririyar sanda ya zura a bututun wata bindiga har ta taɓa ƙarshe, ya yi alama da farce, ya gwada da ma'auni. Sannan ya juya ta ya nuna mini wani ɗan ɗigon walda a ƙarƙashin ƙarfen bakin, bai kai ƙwayar wake ba. Bututun inci 14.5 ne, amma da yake an kafe ƙarfen har abada, hukuma na lissafa shi cikin tsawon, ta cika 16. Wannan ɗigo shi ne ya raba mai bin doka da mai laifi. A Kalifoniya kuma ƙarfe mai ɓoye wuta yana cikin siffofin da ke mayar da bindiga haramtacciya, kamar yadda yake a dokar tarayya ta 1994 da ta ƙare a 2004. Saboda haka mutane da yawa a can birki suke sawa, alhali shi ne ke watsa ƙarar dama da hagu, a kan na kusa. Irinsa ne a bakin bindigar matashin nan, shi ya sa dattijo ya janye jikarsa.

Amsar da na taho da ita ke nan. Sau da yawa bindigar ba ta buƙatar komai don ta tashi; mutanen da ke kewaye da ita ne ke buƙata. Ƙarfen baki ba ya shafe ƙara, zaɓa yake yi wa zai sha ta: mai harbi, ko na gefensa, ko filin da ke gaba. Salansa ce kaɗai ke rage ta da gaske, ita ma ba ta mayar da bindiga shiru yadda fina-finai ke nunawa. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar ƙara ta farat ɗaya a desibel 140, bindigar 5.56 kuwa tana haura 160. Jijiyar ji in ta mutu ba ta dawowa. Kukan kunne shi ne lalurar da tsofaffin sojojin Amurka suka fi karɓar diyya a kanta, kuma a 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya dala biliyan 6 don sasanta ƙarar dubban sojoji kan abin toshe kunnen da ya sayar wa rundunar.

Mu a Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar wa farar hula irin waɗannan bindigogi ba, kuma ban dawo da kwaɗayin a bar musu ba. Amma muna da 'ya'ya da ƙanne a soja da 'yan sanda da rundunonin sa-kai, suna atisaye suna fafatawa a dazuzzuka, da yawansu kunnuwa a buɗe. Duk wanda ke da ta cewa a sayen kayan aikinsu, ya sa abin toshe kunne a jerin farko tare da hular kwano da takalmi. Bai kai kuɗin harsashi kaɗan ba, kuma wanda ya tsare mu da ƙuruciyarsa ya cancanci ya ji kiran salla da muryar jikokinsa a tsufansa.