Ƙarfen da Ba a Kiran Sunansa

A ƙarshen kakar albasa, lokacin da zafin bazara ya tsananta a ƙasar Adar, wani matashin falke ya shiga maƙerar kawunsa a Illela da wani ɗan ƙunshi a aljihun rigarsa. Illelar da ake nufi ita ce ta jihar Tawa, mazaunin Sarkin Adar, ko da yake a wajejen takwararta ta jihar Sakkwato, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni a tsallaken iyaka, ya samo abin da ke cikin ƙunshin. Sana'arsa sarin albasa daga Galmi da Tsarnawa. Wata biyu kafin wannan rana ɓarayi sun tare kamyon da yake ciki da dare, suka karɓe kuɗin hannunsa, suka ji wa yaron mota ciwo. Jarin da ya salwanta ba nasa ne shi kaɗai ba, har da kuɗin adashin mahaifiyarsa a ciki. Tun daga ranar barcinsa ya zama rabi da rabi.

Bayan gaisuwa ya rage murya ya ce, "Kawu, wani ɗan kaya na sawo, so nike ka duba min shi."

Tsohon ya ce, "Wane irin kaya na?"

Ya ce, "Ƙarhe na."

Tsohon ya waiwaya ya dubi tulin garemani da gatura da ke jingine a bango, ya ce, "Ƙarhe kam ga shi nan cike da maƙera. Ɗana, ran wanka ba a ɓoyon cibi." Duk da haka matashin bai kira sunan abin ba. Kwance ƙyallen kawai ya yi, sai ga ƴar ƙaramar bindiga baƙa wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

Wannan kewaye-kewaye abu ne da ɗalibin harshe ya saba gani. Bahaushe ba ya son ambaton abin tsoro da sunansa: maciji da dare igiyar ƙasa ne, wanda ya mutu kuma ya riga mu gidan gaskiya. Amma kauce wa kalmar bindiga a bakin wannan falke yana da wani dalili na daban, wanda ya shafi tarihin kalmar kanta. Tarihin Kano ya ambaci Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, a matsayin sarkin da ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron lafiyarsa, kuma har gobe ƴan bindiga ne ke ƙawata hawan salla a fadar Kano da ƙarar albarushi. Ga mai sauraron rediyo a yau kuwa, ƴan bindiga su ne masu tare hanya da satar shanu da garkuwa da mutane. Kalma ɗaya ta taso daga ƙofar fada ta koma daji. Mutumin da ɓarayi suka cuta ba ya son harshensa ya sanya shi a sahu ɗaya da su, saboda haka sai ya fake da kaya da ƙarhe da abin nan.

Tsohon maƙerin baƙi ne, daga zuriyar da ta narka tama a duwatsun Adar tun kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, kuma ya shekara da yawa yana gyara wa maharba bindigoginsu na gargajiya. Ya sallami yaron da ke masa zuga, ya saki asabari. Abin da ya fara yi shi ne juya bakin bindigar ga bango, ya zare kurtun alburusai, ya tabbatar babu ko ɗaya da ya maƙale a ciki. Sa'an nan ya ɗora ta a tafin hannu yana auna nauyinta. Ya girgiza ta a kusa da kunnensa, sai ta amsa da ƙwar-ƙwar, alamar gaɓoɓinta ba su zauna daidai a kan juna ba. Ya bi gefunanta da babban yatsa, ya ji kaushin zarto a wuraren da injin masana'anta zai bari sumul. Ya ɗaga ta saitin hasken da ke shigowa ta ƙofa ya leƙa cikin bakinta, ya daɗe yana kallo. Daga ƙarshe ya ɗauko wani tsohon zarto ya ɗan goga a wani lungu na jikinta, zarton ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar ana kankare ƙwarya.

Duk sassan da hannun tsohon ya taɓa suna da suna a Hausa, kuma sunayen kashi biyu ne. Kashi na farko aro ne. Bindiga daga Larabci take, daga bunduƙiyya, kalmar da ke da dangantaka da bunduƙ, wani ɗan itace mai kamar gujiya wanda aka kwatanta ƙwayar harbi da shi. Albarushi daga al-barud yake, har da harafin ta'arifin Larabci da ya manne ya zama ɓangaren kalmar, kamar yadda ya faru ga alƙalami da albasa. Asalin ma'anarsa garin da ke kama wuta, amma jam'insa alburusai ya koma nufin harsasai a bakin ƴan jarida. Harsashi kuma daga rasas yake, wato darma. Libarba ta zo daga baya, daga Ingilishi, bayan harshe ya mayar da /r/ ta farko /l/, ya mayar da /v/ ta zama /b/. Kashi na biyu kuwa na gida ne, an ɗebo shi daga jikin mutum da abubuwan da ke kewaye da shi: bindiga tana da baki da gindi, abin da yatsa ke ja kunama ne saboda lanƙwasarsa da harbinsa, mazubin alburusai kurtu ne kamar na tawadar almajiri, mai ɗamarar harsasai kuma mai jigida ce. Maharba sun yi wa tasu laƙabi da harba-ka-ruga, sunan da ya ƙunshi cikakken bayanin aibinta. Wato abin baƙo ne, amma idon da ya ƙare masa kallo na Bahaushe ne.

Matashin ya ga fuskar kawunsa ba ta nuna gamsuwa ba, sai ya yi saurin nuna rubutun da ke gefen bindigar. Ya ce wanda ya sayar masa ya rantse ƴar Beljiyam ce, kuma jikka 90 ya biya. A kasuwannin tsallaken iyaka, idan aka ce kaya ɗan Beljiyam ne ana nufin wanda aka yi amfani da shi a Turai, mai ƙwari, kamar yadda ake cewa mota ƴar Kwatano. A nan kuwa sunan ya yi dace biyu, domin a garin Herstal na Beljiyam, kusa da Liège, kamfanin FN ya fara fitar da irin wannan bindiga ta aljihu a 1906, bisa zanen John Browning ɗan Amurka, mai cin harsashi na milimita 6.35. Dokar ƙasar ta wajabta a kai kowace bindiga gidan gwaji na Liège, a harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi mai haruffan ELG. Hatimin shaida ce cewa wani ya ɗauki alhakin ƙarfen.

Tsohon bai yi karatun boko ba, amma ya san yadda zai sa rubutu ya yi magana. Ya ɗora farar takarda a kan haruffan, ya goga gawayi, suka fito sarai. Ya aika da takardar kaɗai gidan maƙwabcinsa, wani mushen lakwal mai ritaya. Ba a jima ba mushe ya zo da kansa, tabarau a hannu. Ya ce rubutun yana kwaikwayon na kamfanin Herstal ne, sai dai an bar harafin U a kalmar FABRIQUE, harafin N na NATIONALE kuma ya juya baya, ga layin yana hawa yana sauka, alamar ɗaya bayan ɗaya aka buga haruffan da hannu. Hatimin gwaji kuwa babu shi ko kaɗan.

Irin wannan kuskure sananne ne ga masu nazarin rubutu. Wanda ya san harshe yana kwafe kalma ne, saboda haka ko ya yi kuskure zai yi shi a inda furuci ya yaudare shi. Wanda bai san harshen ba kuwa zane yake kwafewa, a wurinsa N da ta juya da wadda ba ta juya ba duk sanduna uku ne. An ga haka a bindigogin da aka ƙera a ƙasar Sin tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, masu ɗauke da sunayen kamfanonin Turai a hargitse, an kuma gani a na Darra Adam Khel ta Pakistan. Ashe zarton maƙeri da tabaran mushe hukunci ɗaya suka yanke: bindigar jabu ce, an yi mata rubutu ne don ido, kamar yadda aka shafa mata baƙin fenti.

Tsohon ya ce, "Wanga ƙarhe bai ga wutar da ta dace da shi ba. Da irinai nike ƙera maratayin ƙohwa. Ran da ka ja kunamar ga, ban san ko gaba za ta yi ko baya ba." Wanga da irinai da ƙohwa duk Adaranci ne, karin harshen da Bernard Caron ya rubuta littafi a kansa a 1991, kuma a cikinsa hukuncin ya fi kaifi, domin da shi aka yi wa matashin faɗa tun yana yaro.

Matashin ya tambaya ko za a iya gyara ta. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce gyara na abin da aka ƙera daidai ne ya lalace. Ya ƙara da cewa ko da ta Beljiyam ce ta gaskiya, da sauran magana: ba shi da takardar izini, kuma a Nijar riƙe bindiga ba tare da ita ba laifi ne, ga shingayen jandarma da na duwan a kan hanyar da yake bi kowane mako. Mutum ɗaya da ƴar bindigar aljihu a gaban mutum shida masu manyan bindigogi bai ƙara wa kansa komai ba sai dalilin da za a harbe shi. Mushe ya sa baki ya ce tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara makaman da ba na ƙa'ida ba, kuma yana tune da ranar 25 ga Satumba 2000, lokacin da aka ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas don tabbatar da sulhu.

Matashin ya yi shiru mai tsawo. Abin da ke damunsa ya wuce jikka 90. Ya sayi ƙarfen ne don ya samu barci, kuma ya samu na kwana huɗu. Yanzu za a karɓe ƙarfen, hanya kuma tana nan yadda take, albasa ba ta jiran mai tsoro, in ta kwana a buhu ruɓewa take yi. Babu wanda ya ba shi maganin wannan a cikin maƙerar. Abin da tsohon ya iya faɗa shi ne ya daina tafiyar dare, ya shiga ayarin ƴan uwansa fatake, ya daina ɗaukar kuɗi a jiki tunda akwai gidajen aika kuɗi a Ƙonni da Galmi.

Washegari da hantsi su biyu suka tafi wurin mai unguwa, domin shi ya san yadda za a miƙa ta ga hukuma. Mai unguwa ya tambayi abin da ke tafe da su. Tsohon ya ƙi cewa komai, ya bar ɗan ƙanwarsa da bakinsa. Matashin ya ajiye ƙunshin a kan tabarma ya ce, "Ranka ya daɗe, bindiga ta. Ni na sawo ta."

Ran kasuwar da ta biyo baya ya yi lodin buhu 40 a Galmi, suka tashi da rana tsaka, kamyo uku a jere.