Ranar da Na Gaisa da Ɓera a Amurka

A shekarar 2019 ƙanena ya kai ni Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Florida. An buɗe wurin a 1971, shekara biyar bayan rasuwar Walt Disney. Da na ji kuɗin shiga ya haura dala 100, sai na ce mu juya. Ƙanena ya ce, "Haba Yaya, ka zo daga nesa!"

Muka shiga sashen Animal Kingdom. A tsakiyarsa akwai wani itace mai tsayin ƙafa 145, an sassaƙa dabbobi fiye da 300 a jikinsa. Na ɗauka kuka ce, ashe aikin hannu ne, ganyensa ba ya miya.

Daga nan muka hau jirgin Expedition Everest. Ya hau dutse, ya tsaya cik, sai ya koma da baya cikin duhu. Ni mai tsawata wa yara a aji, ni ne na fi kowa ihu. Yarinyar da ke gefena sai dariya take yi.

Da rana muka ci kyafaffiyar cinyar talotalo, muka kalli wasan Simba, zakin nan na fim ɗin 1994.

A ƙarshe muka bi layi don gaisawa da Mickey Mouse, wanda aka fara nunawa a 1928. A gida ɓera sai sanda, a can kuwa har rungumarsa na yi. Ɗalibaina ba su yarda ba sai da suka ga hoto.