Landirobar Kakana da Abin da Na Gani a Ingila

Tun da na yi wayo nake ganin wata tsohuwar mota a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin darbejiya. Irin motar nan ce da Turawa ke kira Land Rover, mu kuwa mu ce Landiroba. Tayoyinta huɗu duk sun sace sun nutse cikin ƙasa, gilashin gefe ɗaya ya fashe, awaki na kwana a gindinta, kaji kuwa na yin ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Ta kakana ce, wanda muke kira Baba Tsoho. Ba na ɓoye muku, kunyar motar nan nake ji, domin yaran unguwa har suna suka sa wa gidanmu, wai gidan akwala.

Bara, ana gab da jarrabawarmu ta aji uku, sai 'yan gwangwan suka zo suka kewaya ta, suka ƙwanƙwasa nan suka ƙwanƙwasa can, suka yi mata kuɗi a kan nauyin ƙarfe. Babana ya ce su ba shi lokaci ya yi shawara, amma fa kowa ya san ya yarda. Har ya yi mini alkawarin keke daga cikin kuɗin. Da aka gaya wa Baba Tsoho, bai ce a'a ba. Cewa ya yi kurum, "Ai yanzu ku ne masu gida." Ni dai duk gidan ba wanda ya kai ni murna.

Bayan jarrabawa muka sami dogon hutu. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda ke aiki a wani asibiti a garin Northampton na ƙasar Ingila, ya aiko a kai masa ni in yi hutun a wurinsa. Ba zan tsaya ba ku labarin jirgin sama da birnin Landan ba, sai wani jiƙon. Labarin rana ɗaya tak zan ba ku.

Wata Asabar, wajen ƙarshen watan Yuni, Kawu ya ce in shirya za mu kallon motoci a wani wuri da ake kira Billing, a bakin garin. Na ɗauka sababbin motoci masu sheƙi za mu gani, irin waɗanda ake sawa a kalanda. Ko da muka doshi wurin, sai na ga jerin gwanon motoci har iyakar ganina, kuma kusan dukansu 'yan'uwan akwalar gidanmu ne. Na dubi Kawu na ce, "Kawu, bola ce nan?" Ya yi dariya har ya buga sitiyari, ya ce, "Yaro man kaza! Bari mu shiga tukuna."

Da muka shiga sai na riƙe baki. Fili ne makeke, kore shar, an jera Landiroba sahu sahu, kowace iri da 'yan'uwanta. Ga gajeru, ga dogaye, ga na soja, ga jajaye na kashe gobara, ga na ɗaukar marasa lafiya, ga waɗanda aka kafa wa tanti a bisa rufi. Masu su sun zo da matansu da 'ya'yansu har da karnukansu, sun kafa tantuna a gefe, nan suke kwana nan suke girki. A wani ɓangaren kuma an ci kasuwar kayan gyara, an baza fitilu da ƙofofi da kafireto da kusoshi a kan tabarmin leda, sai ka ce kasuwar 'yan gwanjo ta gida. Na ga wani dattijo ya sayi wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, duk ya yi tsatsa, ya rungume shi yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mafi tsufa a cikin motocin su aka fi taruwa a kansu. Muka tsaya wurin wata ƙarama koriya. Mai ita wani tsohon Bature ne mai farin gashi, hannunsa duk baƙin mai. Ya tambayi Kawu daga ina muke. Da ya ji Nijeriya, sai fuskarsa ta washe, ya ce lalle akwai irin motarsa da yawa a ƙasarmu. Ban san sa'ad da na ce akwai ɗaya a ƙofar gidanmu ba. Ya ce ko ina da hotonta? To, ni kam ban taɓa ɗaukar hoton motar nan da gangan ba. Sai na tuna da wani hoton ƙanwata na ranar Salla a wayar Kawu, inda goshin motar ya fito a bayanta. Muka nuna masa.

Tsohon nan ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ɗana, dubi fitilunta. Ka ga suna tsakiya, dab da ragar lagireto, ba a gefe ba? Wannan an ƙera ta tsakanin 1958 da 1969." Daga nan ya shiga ba ni tarihi, Kawu yana taimaka mini inda Turancinsa ya yi mini sauri.

Ga abin da na riƙe, wanda kuma na sake karantawa daga baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Rover ya shiga wahala saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila. Babban mai zanen motocinsu, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey, inda yake aiki da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka. A 1947 ya zana wa wansa Spencer siffar wata mota a kan yashin bakin teku, motar da za ta yi aikin gona ta kuma hau titi. Tun da ƙarfe ya yi wuya, sai aka yi jikinta da alminiyam, irin wanda ake ƙera tukwane da shi. Ran 30 ga Afrilu, 1948, aka fara nuna ta a Amsterdam, kuɗinta fam 450. A Solihull kusa da Birmingham aka yi ta ƙera ta da jikokinta har ran 29 ga Janairu, 2016, sa'ad da ta ƙarshe ta fito. A tsawon shekarun nan an ƙera fiye da miliyan 2.

Ya buɗe mini ƙofa ya ce in hau. Ciki babu wani ƙawa, sai ƙarfe da kujera. Ya nuna mini sanduna uku: mai baƙin kai ita ce giya, mai rawayan kai idan aka danna ta tayoyin gaba ma su kama ja, mai jan kai kuwa idan aka jawo ta baya motar ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta yadda za ta hau tudu ko ta fita daga taɓo. Na tuna sau nawa na yi wasa da sandunan nan a gida ban san amfaninsu ba.

Sa'an nan ya kwanta a ƙasa, ya ce in leƙo. Ya nuna mini ƙarfen da ke ɗauke da motar duka, wanda kanikawa ke kira shasi. Ya ce jikin motar ba ya tsatsa, amma wannan yana yi, kuma shi ne babban ciwonsu a Ingila, saboda yawan ruwan sama da gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara. Shi shekara shida ya yi yana gyaran tasa, da yamma da ranakun hutu. Ya ce, "Ku da kuke busasshiyar ƙasa, mai yiwuwa naku yana nan garau. Me za ku yi da ita?" Kawu ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Da ƙyar na ce za a sayar wa masu awon ƙarfe. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Kakanka ina da ina ya je da ita?" Na buɗe baki, na rasa amsa. Shekarata 15 gida ɗaya da Baba Tsoho, ban taɓa tambayarsa ba.

Da la'asar muka tafi inda ake gwada motoci. An tanadi hanya mai tuddai da ramuka da wani dogon kwari cike da ruwa da taɓo. Wasu motocin an ɗaga musu bututu har saman gilashi domin injin ya shaƙi iska ko da ruwa ya kai murfinsa. Mota ta faɗa ciki, ruwa ya yi tsiri, mutane su ɗauki sowa. Wadda ta kafe kuwa ba a yi mata ele. Nan da nan za ka ga mutane sun shiga taɓo har gwiwa, an ɗaura igiya, wata motar ta jawo ta, alhali kuwa wataƙila ba su ma san juna ba. Kallo ya yi kallo, amma ni hankalina yana can ƙarƙashin darbejiya. A daren nan na roƙi Kawu ya buga wa Baba waya, ya ce don Allah kada a taɓa motar sai na dawo.

Ran da na iso gida, bayan an gaisa an ci abinci, na sami Baba Tsoho a zaure. Na ce, "Baba Tsoho, ina da ina ka je da motar can?" Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can sai ya ce, "Abokina, yau kuma? Ko Turawa sun ba ka wani abu ka sha?" Ya gyara zama. Hirar da muka fara bayan isha'i ba mu tashi ba sai da dare ya raba.

Ashe Baba Tsoho direban malaman dabbobi ne tun yana saurayi. A 1962 aka fara wani babban gangami na yi wa shanu allurar rigakafin bushiya a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, shi kuwa yana cikin waɗanda suka yi ta kai ma'aikata rugage a ƙasar Haɗeja. Maganin a cikin akwatin ƙanƙara ake ɗaukarsa, in ƙanƙarar ta narke ya lalace, saboda haka ba halin ɓata lokaci a hanya. In sun shiga yashi ya rage iskar taya, in sun kafe su shimfiɗa zana da rassan itace. Duk saniyar da aka yi wa allura sai a huda mata kunne don shaida. Ya ce akwai daminar da ya ɗauko wata mace mai naƙuda daga wani tungu cikin fadama, inda ko jaki ba ya shiga, ta haihu lafiya a asibiti. Da gwamnati ta yi gwanjon tsofaffin motocinta, ya tattara abin da ya tara ya sayi tasa, don ba ya so ta faɗa hannun wanda bai san ta ba. Da na gaya masa na karanta cewa tun 2011 aka ba da sanarwar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, sai ya ɗaga hannu ya yi hamdala, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "To, me ya sa ba ka hana a sayar ba?" Ya ce, "Wanda bai san abu ba, ka hana shi sayarwa yau, gobe kana kabari zai sayar."

Washegari na durƙusa gaban babana na ce na yafe keken. Ya ce ba keke ne kaɗai ba, akwai kuɗin makaranta da rufin ɗaki da ke yoyo, kuma gaskiyarsa ce. Amma ya yarda aka kira wani tsohon bakanike. Mutumin ya shiga ƙarƙashi da guduma ya bubbuga, ya fito yana kaɗe riga, ya ce shasi lafiya lau, injin ma bai kafe ba, sai dai tana bukatar tayoyi da batir da birki da wayoyi. Baba ya ba mu wa'adin shekara guda: in ta tashi, ta zauna ta riƙa ɗauko amfanin gona; in ba ta tashi ba, 'yan gwangwan na nan. Yanzu saura wata huɗu. Mun kori kaji, mun wanke ta, Kawu ya aiko da wasu ƙananan kayan gyara, ni kuma duk hutu ina wurin bakaniken ina miƙa sifana. Har yau ba ta tashi ba, kuma ban san yadda za ta kaya ba.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu, na tabbata a gidaje da yawa akwai irin wannan: tsohon keken ɗinki, ko masaƙa, ko akwatin rediyo, ko takobi, da kuma tsoho ko tsohuwa da suka san labarinsu. Mutanen da na gani a Billing ba ƙarfe kurum suke adanawa ba, kowanne ka tambaye shi zai gaya maka wanda ya fara hawan motarsa da inda ta je. Ni sai da na ƙetare teku kafin in yi wa kakana tambayar da zan iya yi masa a zaure. Ku kada ku jira haka. In kun je hutu, ku zauna ku tambaya tun masu amsar suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani.

In Allah ya sa ta tashi, Baba Tsoho ya ce shi zai fara zama a gaba, ko da idonsa bai ga hanya ba.