Farantin da Ba Ya Komawa Wayam

Masu karatu da yawa sun san sunan Atina da Koranti daga labarin tafiye-tafiyen Manzo Bulus. To, garuruwan nan suna nan har yau a ƙasar Girka, mu ma mun taka su da ƙafafunmu. Amma abin da ya fi zauna mana a rai cikin tafiyar, a wani ɗan ƙauye muka same shi.

Mun tashi daga Atina a farkon watan Disamba. Muka ƙetare gadar da ke bisa hanyar ruwan Koranti, wadda aka gama haƙawa a 1893, muka miƙa kudu har Kalamata, tafiyar wajen kilomita 240. Daga nan mota ta yi ta hawa da mu zuwa gindin duwatsun Tayigetos, inda wani abokinmu Bagirke ya ba mu aron gidan iyayensa na mako biyu. Ko'ina ka duba itatuwan zaitun ne. Lokacin girbinsu ne kuwa, an shimfiɗa taruna a ƙarƙashinsu, maza da mata suna ta kakkaɓar rassa. Sanyi kuwa ba a magana, ya fi na hunturun Jos.

Ba mu gama kwance kaya ba sai muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wata yarinya ce riƙe da faranti mai zurfi an rufe shi da ƙyalle. Ta ce da Turanci, kakarta ce ta aiko, tana yi mana barka da zuwa. Muka buɗe, sai ga farin wake yana tururi, an dafa shi da tumatir da albasa da karas, man zaitun yana yawo a kai. Sunansa fasolada, kuma Girkawa da yawa suna ɗaukarsa abincin ƙasarsu. Ba nama a ciki, domin daga 15 ga Nuwamba har jajiberin Kirsimeti masu bin al'adar ikilisiyar Otodoks ba sa cin nama. Muka ci da burodi da 'ya'yan zaitun har muka suɗe.

Da safe muka wanke farantin tas, muka mai da shi da godiya. Tsohuwar ta karɓa, ta juya shi, ta dube mu, ta yi dariya. Jikarta ce ta ja mu gefe ta ce, a nan ba a mai da faranti wayam. Ko ɗan me kake da shi, sai ka ɗora a kai. Kunya ta kama mu, gama a gida ma ai mun san ɗan aike ba ya komawa ba tukuici.

Ba ta riƙe mu a zuci ba. Ta sa muka zauna kusa da murhu, ta kawo mana kofi mai kauri a ƙananan finjalai, da ruwan sanyi, da ɓawon lemo da aka dafa cikin sukari, cokali guda ga kowa. Haka ake tarar baƙo a gidan Bagirke. Jikokinta suna kiranta Yaya, wato kaka da harshensu. Muka gaya mata a wurinmu yaya babbar 'yar'uwa ce. Ta ce to, ta yarda, an rage mata shekaru. Ita kuwa ba ta kiranmu da kome sai "yarana".

Girkinta ba shi da wuya, ba kuma tsada. Da hantsi takan ɗauki wuƙa da jaka ta shiga gonar zaitun ta tsinko ganyayen da ke fitowa da kansu bayan ruwan sama, waɗanda suke kira horta. A tafasa su, a tsiyaye, a zuba mai, a matsa lemun tsami, shi ke nan. Ya tuna mana da kwaɗon zogale, sai dai ba ƙuli-ƙuli. Wata rana takan murza ƙullun alkama da sanda har ya yi siriri kamar takarda, ta shimfiɗa a babban tire, ta zuba alayyafo da albasa, ta rufe da wani ƙullun, ta sa a tanderu. Muka lura ba ta taɓa girka abin da zai ishi gidanta kaɗai ba. Da ta sauke, kafin kowa ya ci, sai ta yanka kashi uku ko huɗu, yarinyar ta fita da su.

Kashi ɗaya kullum na wata gwauruwa ce da ke ƙarshen layi, wadda ta haura shekara 90. 'Ya'yanta suna Ostireliya da Jamus, kamar 'ya'yan ƙauyukan Girka da yawa da suka fita neman aiki tun daga shekarun 1950 da 1960. Gidaje da dama a ƙauyen a kulle suke. Muka bi yarinyar wata rana. Tsohuwar ta juye abincin, ta dogara sanda ta fita tsakar gida, ta tsinko lemun tsami biyu ta sa a farantin. A hanya yarinyar ta ce mana, su ma suna da itacen lemun tsami a gida, har yana zuba. Amma kakarta ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta ƙi karɓa, domin ranar da aka ƙi lemun nan, ranar ce matar za ta ga ta zama mai bara. Ta ƙara da cewa, ta farantin nan ne unguwa take sanin ko tsohuwar ta tashi lafiya.

Mun tambayi Yaya me ya sa suka riƙe wannan al'ada haka. Ta ce wanda iyayensa suka ga yunwa ba ya wasa da burodi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus da na Italiya sun mamaye Girka a 1941, suka kwashe abinci, jiragen yaƙin Ingila kuma suka tare teku, alkamar da ake sayowa daga waje ta daina shigowa. A hunturun 1941 zuwa 1942 dubban mutane suka mutu da yunwa a Atina da Firiyus. Mutanen birni suka riƙa fita ƙauye suna ba da tufafi da kayan ɗaki a bakin kwalbar mai ko mudun alkama. Cikin waɗanda suka fara kai agaji akwai Turkiyya, wadda shekara ashirin kafin nan suke yaƙi da juna. Jirgin ruwanta mai suna Kurtulush ya yi ta jigilar abinci daga Istambul har ya nutse a 1942. A wannan shekara kuma aka kafa ƙungiyar nan da aka sani da Oxfam a Ingila, saboda yunwar Girka.

Ran Lahadi muka ga wani rabon a ƙofar majami'a. Wani gida suna tunawa da mahaifinsu, kwana arba'in da rasuwarsa. Sun dafa alkama tsaba, sun haɗa da zabibi da rumman da sukari, sunansa koliba. Ƙwayar alkama tana nuna tashin matattu, kamar yadda Ubangiji ya yi misali da ita cikin Bisharar Yahaya. Aka ƙulla wa kowa nasa a 'yar takarda, har da mu baƙi. A Girkanci, kamar a Hausa, kalma ɗaya ce ake kiran wanda ba a sani ba da wanda aka saukar a gida.

Bashin farantin nan bai bar mu mun sake ba. Ana saura kwana biyu mu tashi, muka ga wake mai baƙin ido a kanti, irin namu na gida sak. Muka jiƙa, muka surfa, muka markaɗa da albasa da barkono, muka toya ƙosai da man zaitun. Muka ari farantin Yaya da gangan, muka cika shi. Ta ɗanɗana ɗaya, barkono ya sa ta tari, ta sha ruwa, ta ƙara ɗauka. Sa'an nan ta ware guda biyar ta kira jikarta ta ce a kai ƙarshen layi.

Ba a jima ba yarinyar ta dawo da lemun tsami biyu. Yaya ta miƙo mana su ta ce, "Yarana, waɗannan naku ne." Da su muka hau mota zuwa Atina.